Sunan da Malam Tajammul Bai Faɗa Ba

Bhubaneswar, Indiya
Yuli, 2024

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Bahijja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da Baba da su Rauda da Adnan. Yaya gwiwar taki? Rauda ta ce min har yanzu a tsaye kike koyar da 'yan aji uku tun safe, in an yi magana ki ce ba komai. Ni dai lafiya ƙalau, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa, har takalmana sun fara fumfuna. Karatun haɗa magunguna yana tafiya, alhamdu lillahi.

Na bi abin da kika ce, na rubuta a takarda na ɗauki hotonta na turo, tunda kin ce in maganar nan ta taso kada in faɗa miki da baki, don ba ki san abin da za ki yi a gaban yara ba.

Umma, na samu mahaifinki. Yana da rai.

Tun zuwana ƙasar nan nake nemansa da ɗan abin da kika ba ni: sunansa Malam Tajammul, mutumin garin Katak ne, ya koyar da lissafi a Zariya. Na zaga masallatai ina tambayar malamin lissafi, kowa ya girgiza kai. Ashe ta inda ban zata ba zan same shi. Wata 'yar ajinmu ce ta ji na ambaci sunan, sai ta ce ai suna firamare an sa su haddace waƙarsa. A nan ba wanda ya san shi da lissafi. Marubucin waƙa ne, da harshen Odiya, wanda mutanen jihar nan ke yi.

Ran Asabar na hau mota zuwa Katak. Gidan yana wani lungu kusa da kogi. Wani magidanci ne ya buɗe min, sunansa Anwar, ɗansa ne da ya haifa bayan ya dawo gida, ƙaninki ke nan. Ya kai ni wani ɗaki, na ga tsoho kwance a bakin taga, ya rame, ƙafafunsa sun kumbura. Ciwon zuciya ne, na duba magungunan da yake sha na gane ya yi nisa. Da na yi sallama na ce daga Zariya nake, sai ya dafa bango ya tashi zaune. Ya dube ni ya ce, "Sannu da zuwa. Ina gajiya?" Da Hausa, Umma. Ban san lokacin da na durƙusa ba.

Hausar tasa ba ta wuce gaisuwa da 'yan kalmomi ba, sauran da Turanci muka yi. Na faɗa masa ko ni ɗan wane ne. Ya kama kunnena ya juya shi, ya dubi yatsuna. Ya tambayi labarin mahaifiyarki, Kaka Ishatu, na ce ta rasu tun ina ƙarami. Ya tambayi dalbejiyar da ke ƙofar gidan Tudun Wada. Sai can ya sunkuyar da kai ya ce, "Tana lafiya?" Na ce kina lafiya, 'ya'yanki uku.

Goshinki nasa ne, ba abin da kika rage. Ki faɗa min abin da kike so in yi.

Ɗanki,
Kailani

*

Tudun Wada, Zariya
Yuli, 2024

Zuwa ga yayan su Rauda,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, gwiwa tana nan tana aikinta, ni ma ina nawa. Ka shanya takalman nan kafin su ci maka ƙafa, kuma ka daina kwana da yunwa, na ga hoton da ka turo wa Adnan, wuyanka duk ya fito.

Na karanta takardarka a ofishin hedimasta, na koma aji na ba yara aikin da ban san ko mene ne ba. Wai mawaƙi. Mutumin da shekara arba'in bai samu kalma ɗaya ya aiko min ba, ashe kalmomi ne sana'arsa.

Tunda ka tsoma hannu a ciki, bari ka ji abin da ban taɓa zaunar da kai na faɗa maka ba. Ina 'yar shekara huɗu ya tafi. Lokacin gwamnati ta daina sabunta wa malaman Indiya kwantiragi, duk suka tattara. Ya nemi ya tafi da mu, kakana ya ce 'yarsa ba za ta ƙetare teku ba. Ya riƙa aiko wa mahaifiyata wasiƙa, sannan ta ragu, sannan ta ɗauke. Abin da na riƙe game da shi bai taka kara ya karya ba: ƙamshin man da yake shafawa a kai, da yadda yake ɗora ni a gaban kekensa mu je unguwar Kongo sayen jarida. Shi ke nan uban da na samu.

Sauran kuwa mutanen gari ne suka ba ni. 'Yar Indiya, haka na tashi. In an sa fim ɗin Indiya a gidan maƙwabta sai yara su ce Bahijja zo ki fassara mana, ai yarenku ne. Ni kuma don kada a ce ubana ya gudu bai koya min komai ba, sai in zauna in yi ta shirga musu ƙarya, su kuma suna gyaɗa kai. In na dawo gida in shige bayan ƙofa in yi kukana.

Ka gaya masa an sare dalbejiyar lokacin da aka yi kwata, yanzu shagon cajin waya ne a wurin. Kada kuma maganar nan ta kai kunnen Inna Maijidda da ke unguwar Gyallesu. Ita kaɗai ta rage min a 'yan'uwan mahaifiyata, kuma da an ambace shi sai ta kama kuka jininta ya hau.

Ba na neman gadonsa, ba na neman ya ba ni haƙuri. Abu ɗaya nake so ka bincika min. Tunda rubutu yake yi, ka sa a karanta maka duka, ka duba ko ina ciki. Sunana nake so ka nemo.

Mahaifiyarka

*

Bhubaneswar
Agusta, 2024

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Ina fata kowa lafiya. Ki yi haƙuri da jinkiri, jarrabawa ce ta riƙe ni, kuma ban so in amsa miki da rabin magana ba. Duk ƙarshen mako a Katak nake yi yanzu. Kawu Anwar ne yake karanta min littattafan yana juya min su zuwa Turanci, shi kuma tsohon yana kwance yana gyara masa in ya yi kuskure.

Ga tarihinsa yadda na ji. A wani ƙauye kusa da teku aka haife shi, ubansa limami ne. Danginsu in za su yi waƙa da Urdu suke yi, shi kuma ya ce da harshen masunta da manoman garinsu zai rubuta. Manyan gidansu suka juya masa baya, su kuma marubutan Odiya suka riƙa kallonsa a baƙo. Littafinsa na farko ba wanda ya saya, ya ce da takardun aka riƙa ƙunshe gyaɗa a tasha. Abin da ya sa ya karɓi aikin koyarwa a Najeriya ke nan. A ɗakin nan na Tudun Wada ya rubuta waƙoƙin da suka ɗaga shi, in ya gama duba aikin ɗalibai. Da ya dawo ya buga su, sunan littafin in an fassara shi ne Inuwar Baƙuwar Bishiya. Ya ce shi da dalbejiya ƙasarsu ɗaya, duk kai su Zariya aka yi. Littafin ya yi tashe, aka ba shi lambar yabo, aka sa waƙoƙin a makarantu. Bayan nan ya yi wasu littattafan amma ba su kai wancan ba. Daga baya matasa suka zo da sabon salo suka ce nasa ya tsufa, ambaliya kuma ta cinye sauran kwafin da ke gida. Yanzu ba mai zuwa wurinsa, hannunsa ma ba ya iya riƙe biro.

Tudun Wada kaf tana cikin littafin nan. Akwai Nagoda mai shayi da ke ba shi ruwan zafi. Akwai Emeka mai gyaran keke. Akwai Kaka Ishatu, sunanta ya fito sarai. Har akuyar gidanku, Kyalla, tana da baitinta. A littattafan baya kuma Kawu Anwar yana da waƙa guda da sunansa a kai.

Umma, ba zan ɓoye miki ba. Na sa an bi shafi-shafi, sunanki bai fito ba.

Amma ki tsaya ki ji. Akwai wata da take ratsa duk littattafansa, daga na Zariya har na ƙarshe, ba ya ce mata komai sai ita. Ga wani wuri, yadda na iya mayar da shi:

Tana gaban keke, iska na ɗaga mata gashi,
tana ƙirga awaki da harshen da ba nawa ba.
Na san hanyar gida, amma na ƙara zagaye.

Malaman jami'a a nan sun daɗe suna gardama a kan ko wace ce. Wasu sun ce harshen Odiya yake nufi, wasu sun ce ruhinsa ne, wani farfesa har littafi ya rubuta a kai. Shi bai taɓa amsa wa kowa ba. Ni kuwa da na ji keken nan tsigar jikina ta tashi. Ke ce.

Akwai abin da na yi ta shawarar ko in faɗa miki. Kawu Anwar ya ce tun suna yara sun san suna da babbar yaya a Afirka, duk Sallah ubansu yana sa a ajiye miki kaso a tire. Amma bai taɓa gaya musu sunanki ba. A bakina ya fara jin sa.

Jikinsa yana ƙara sauka. Ya roƙe ni abu ɗaya, in haɗa ku a waya ya ji muryarki. Ya ce ba sai kin ce kin yafe ba, ko gaisuwa ce ta isa.

Ɗanki,
Kailani

*

Tudun Wada
Satumba, 2024

Zuwa ga yayan su Rauda,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Babanku ya yi mura ya warke. Allah ya ba da sa'ar jarrabawa.

Na ajiye takardarka na ƙi amsawa, don in na amsa a ranar da na gan ta, da abin da zan rubuta bai dace uwa ta rubuta wa ɗanta ba.

Akuya ta samu suna. Kyalla, da na sha kora daga kan tabarma, yaran Indiya sun haddace ta a makaranta. Ni kuma ita. Kai yaro ne shi ya sa baitin keke ya tafi da kai. Ka tambayi kanka mana, da malaman nan suka yi ta cewa harshe ce, ruhi ce, me ya hana shi ya buɗe baki ya ce a'a, 'yata ce, a Zariya na haife ta, uwarta Bahaushiya ce, ga sunanta? Shekara da shekaru ya bar su suna faɗin shirme ya yi shiru, saboda shirmen ya fi masa sauƙi. Mai shayi da mai gyaran keke ado ne a waƙa, ba wanda zai tambaye shi. Amma 'ya baƙar fata a bayan teku, wannan sai a ɓoye. Na san yadda mutanen can suke kallonmu, kai da kanka ka gaya min yadda ake nuna ka da baki a mota.

Kason da ake ajiye min a tire kuwa, wa ya ci? Ni dai ban gani ba. 'Ya'yansa sun girma ba su san abin da za su kira ni ba. Ni ma fa ina tsammanin tsufa ya gama da sauran, ya manta sunan gaba ɗaya, yana dai tuna akwai wata yarinya a gaban keke.

Zuciyata ta yi nauyi, ba na ko iya cin abinci sosai. Na zata in ka same shi wani abu zai sauka daga ƙirjina, sai ga shi an ƙara min.

Yana so ya ji muryata. To, ga nawa sharaɗin, ba mai tsada ba ne. Ka kunna wayarka ka ɗauki muryarsa ya faɗi sunana, sau ɗaya, da bakinsa, ba tare da ka tuna masa ba. In na ji da kunnena, wallahi a ranar zan kira shi, in ce masa Baba. Kada ka zo min da wai ya faɗa wayar ce ba ta ɗauka ba, ni na haife ka.

Mahaifiyarka

*

Katak
Oktoba, 2024

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka. Ni lafiya, sai dai ban ji daɗin abin da zan rubuta ba.

Na yi yadda kika ce. Na zaɓi lokacin da ya ci abinci hankalinsa yana tare da shi, na kunna waya na ajiye a gefen filo. Na fara da su Nagoda, ya ba ni labarinsu tiryan-tiryan, har kuɗin shayin wancan zamanin ya tuna. Ya lissafa min ɗaliban da ya koyar, da sunayen iyayensu. Sai na ce, to 'yar taka fa, mene ne sunanta?

Ya dube ni kamar na yi ashar a masallaci. Ya ce ai na sani, me ya sa nake tambayarsa. Na ce so nake in ji daga bakinsa. Ya yi ɗan murmushi ya kau da kai. Na fito masa a fili, na ce ke kika ce sai ya faɗa za ki yi magana da shi. Umma, na ga fuskarsa ta canza. Ya buɗe baki, leɓensa yana rawa, ya daɗe a haka, sai ya rufe. Hawaye ya gangaro masa ta gefen kunne. Na saɓa miki a abu ɗaya, na fara furta masa harafin farko don in taimake shi. Sai ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, ya juya fuskarsa bango.

Na sake gwadawa washegari, Kawu Anwar ya ja ni waje ya ce don Allah in bari, tun jiya bai ci komai ba.

Ban san me zan ce miki ba. Mutumin da ya tuna sunan akuya, ban ga yadda zai manta naki ba, amma kuma ga shi bai faɗa ba. Ina da faifan in kina so, ba komai a ciki sai numfashinsa da ƙarar fanka.

Ina roƙonki ki janye sharaɗin nan. Likita ya ce zuciyar ta gaji, kuma ni ma abin da na karanta ya nuna min haka. Minti ɗaya kawai, ki ce masa sannu. An kuma sanar da cewa guguwar teku tana tafe, an rufe makaranta, zan zauna a nan gidan har ta wuce.

Ɗanki,
Kailani

*

Tudun Wada
Nuwamba, 2024

Zuwa ga yayan su Rauda,

Assalamu alaikum. Lafiya muke, sai hankalina da ba a kwance yake ba.

Na amsa maka tun ranar da na ga takardarka, na ce ba na son faifan kuma ba zan janye ba. Har yau wayata tana nuna min saƙon bai shiga ba. Mun ga guguwar a talabijin, ban runtsa ba sai da babanku ya ce ka kira shi da wata baƙuwar lamba ka ce kana lafiya, wayarka ta faɗa ruwa. Alhamdu lillahi. Amma ka samu bakin kiran babanku, ni ba ka ce a ba ni ba.

Fushi kake yi da ni ke nan. Ka samu kaka mai lambar yabo, uwarka ta zama mai taurin zuciya. Ba komai. Kai wata huɗu ka san shi, ni tun ina 'yar shekara huɗu nake jiransa. Kukan da ya yi bai ba ni tausayi ba, kukan wanda aka kama ne. In ya tuna, me zai hana shi faɗa? Kalma ɗaya ce fa.

Ka rubuto min ko layi biyu ne. Shirun nan naka ya fi nasa ci min rai.

Mahaifiyarka

*

Bhubaneswar
Nuwamba, 2024

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Ba fushi nake yi ba, Umma. Na ƙi cewa a ba ki waya ne don in kika ji muryata za ki gane, ke kuma kin ce maganarsa a takarda kike so. Sai yanzu na samu wata wayar.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa mahaifinki rasuwa.

Da ruwa ya shigo lungun muka ɗauke shi zuwa saman bene. Sanyi ya kama masa ƙirji, ba wuta, ba hanyar asibiti. Bayan guguwar ta wuce da 'yan kwanaki ya cika, da rana, Kawu Anwar yana riƙe da kansa ni ina riƙe da ƙafafunsa. Ya samu kalmar shahada. Da ruwa ya janye muka kai shi. Mutanen da suka raka shi ba su cika sahu biyu ba. Jarida ɗaya ce ta buga labarin, a ƙasan shafi, ta ce mai waƙar bishiya ya rasu.

Akwai abin da na yi ba da izininki ba. Ana gobe guguwa, wayata tana da sauran caji, ya sake tambayata ko kin yarda. Na kasa ce masa a'a. Sai na tuna da wani tsohon saƙon murya da kika aiko min, wanda kike min faɗa a kan na bar yajin da kika ba ni ya yi ruwa, kina cewa Adnan ya fasa fulas. Na ce masa ba kira ba ne, tsohon saƙo ne, kuma ba shi kike yi wa magana ba. Ya ce in kunna. Ya karɓi wayar da hannu biyu ya kara a kunne. Bai fahimci rabin abin da kike cewa ba. Da ya ƙare ya ce in sake. Na yi ta sakewa har cajin ya mutu.

Ya ce muryar ta Ishatu ce, amma faɗan na uwarsa ne, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Bai ƙara tambayata ko kin yarda ba.

Na zauna kusa da shi har ƙarshe ina sauraro, ko zai faɗa. Ya kira Anwar, ya kira uwarsa, ya kira Ishatu. Naki bai fito ba. Na so ƙwarai in rubuto miki cewa ya faɗa, amma kin ce ke kika haife ni.

Kawu Anwar yana yi miki ta'aziyya. Ya ba ni kwafi ɗaya na littafin Zariya da ya tsira daga ruwa, ya ce naki ne. Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri.

Ɗanki,
Kailani

*

Tudun Wada
Disamba, 2024

Zuwa ga yayan su Rauda,

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansa da rahama. Ka yi wa Anwar godiya, ka ce yayarsa ta gode da ɗawainiya. Jikina lafiya. Abin da ya wuce jiki kuma ga shi nan zan faɗa maka.

Da na karanta takardarka ban yi kuka ba. Na ce to, ya tafi da abinsa. Na yi kwanaki a haka ina zuwa makaranta ina dawowa. Sai na ga bai kamata mutum ya rasa uba ba wanda ya ce masa ya haƙuri ba, na shirya na tafi Gyallesu wurin Inna Maijidda. Na faɗa mata komai, har sharaɗin. Da gadara ma na faɗa, ina jira ta ce na yi daidai.

Ta ajiye carbinta ta ce in maimaita abin da na ce ya faɗa. Na maimaita. Sai ta ɗora hannu a ka.

Ta ce ranar sunana, da aka raɗa min suna a zaure, bai jira kowa ba ya kutso cikin gida tsakiyar mata, ya ɗauke ni yana zagaya tsakar gida yana kiran sunan da ƙarfi kamar mai waƙa. Mata suka rufe baki suna dariya, mahaifiyata ta gudu ɗaki. Da aka watse kakata ta sa aka kira shi, Inna ce ta yi musu tafinta don ita ta yi boko. Tsohuwa ta ce masa a garin nan iyaye ba sa kiran sunan ɗan fari. Ya tambaya ko don ba a son sa ne. Ta ce a'a, don ya fi ƙarfin baki ne. Ya ce har yaushe? Ta ce har mutum ya mutu. Ya ce in ya koma ƙasarsu fa? Tsohuwa cikin wasa ta ce ko a ƙasarsu. Ya ce to.

Inna ta ce daga ranar har ya tafi ba wanda ya ƙara jin sunana a bakinsa. In zai kai ni asibiti sai ya biya ya ɗauke ta, don in an tambayi sunan yarinya ita ta faɗa. Ta ce har tsokanarsa ake yi a unguwa, wai Ba'indiye ya fi 'yan gari riƙon al'ada.

Ban san yadda na iso gida ba. Mai Keke Napep ne ya ce Hajiya mun zo.

Abu ɗaya ya ɗauka daga garin nan ya riƙe shekara arba'in, a inda ba mai ganinsa, ba mai yi masa dariya in ya saki. Malamai sun tambaye shi, 'ya'yansa sun tambaye shi, bai saki ba. Shi na ce sai ya karya kafin ya ji sannu daga bakina. Kuma kai ka ce ya buɗe baki leɓensa yana rawa. Ya gwada ke nan, saboda ni. Wannan ne yake hana ni zama. Ni da na tashi a cikin al'adar nan, ko sau ɗaya bai zo min a rai ba, don na riga na yanke cewa baƙo ba zai san abinmu ba. Abin da ya samu daga 'yarsa a duniya shi ne faɗan yaji da fulas.

Ka turo min faifan nan da na ce ba na so, in bai tafi da wayar da ta faɗa ruwa ba. Numfashin nasa nake so in ji. In ka samu dama ka je kabarinsa ka yi masa addu'a a madadina, littafin kuma ka riƙe shi da kyau har ka dawo, ko da yake ba zan iya karanta ko harafi ɗaya ba.

Jiya na bi hotunan takardun da na rubuta maka ɗaya bayan ɗaya, na dubi saman kowace. Ban sani ba ko kai ma ka taɓa zama kana nema, kana jin ina kiran Rauda da Adnan safe da yamma. Shi ya sa yau da na zauna na yi niyyar in rubuta sunanka a saman takardar nan, ko sau ɗaya, don kada wata rana ka tsaya inda na tsaya. Na daɗe riƙe da biron.

Ka duba sama ka ga abin da na iya.

Mahaifiyarka